Na bar garkena a daji na gudo Legas, yanzu suna kira na in koma

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni mai bishara ne, shekarata 42. Shekara tara na yi ina aiki ƙarƙashin wata ƙungiyar mishan a wani ƙauye cikin dajin da ke tsakanin Neja da Kebbi. Da muka je babu mai bi ko ɗaya, amma kafin mu baro wurin mun kai mutum sittin a sujada. Bara da kaka 'yan bindiga suka shigo da dare a kan babura suna tambayar gidan fasto. Suka tafi da ni da wani dattijon ikilisiya. Kwana 26 na yi a hannunsu. Masu bi suka sayar da shanun nomansu da hatsi, 'yan'uwa suka ƙara, aka fanshe ni. Shi dattijon ciwo ya kashe shi a can, a kan idona. Sati biyu da fitowata na kwashe matata da yaranmu uku muka zo Legas wurin yayanta a Agege. Yanzu gadin dare nake yi a Ikeja. Ba na barci, in na ji ƙarar babur sai jikina ya hau rawa. Kusan kullum mutanen ƙauyen suna buga mini waya: "Malam, yaushe za ka dawo?" Shugabana ya ce in koma nan da wata biyu ko a cire sunana, ya kuma tuna mini da makiyayin haya da ke ganin kyarkeci ya gudu. Matata ta ce in dai komawa ne sai dai in tafi ni kaɗai. Abin da ya fi ba ni kunya, a nan ma tsoro nake ji. Maƙwabtanmu a gidan haya Musulmi ne, har yau ban iya faɗa musu aikina ba. Baba, na ci amanar kirana ne? In koma, ko in haƙura da aikin gaba ɗaya?

Mai bishara, daga Agege

Malam, ƙanena, sannu. Sannu da wannan wuta da ka ratsa. Ubangiji ya ta'azantar da kai da iyalin dattijon nan, ya kuma sāka wa waɗanda suka rabu da shanunsu domin ka dawo da rai. Ba zan ja maka rai ba, ga abin da nake gani: kada ka koma a wata biyun da aka yanka maka, kada kuma ka ajiye aikin. Duka biyun, in ka yi su yanzu, ba kai ne ka yanke shawarar ba. Ɗaya kunya ce za ta yanke maka, ɗayar kuma firgita, su biyun kuwa ba a ba su linzami.

Bari mu fara da maganar makiyayin haya, tunda ita ce ƙayar da ta fi sukarka. Ka koma Yahaya sura 10 ka karanta da kanka. Dalilin gudun makiyayin haya an faɗe shi a fili: bai damu da tumakin ba. Irin wannan in ya tsira da ransa sai ya sauya layin waya ya yi barcinsa har da minshari. Kai kuwa shekara ta kusa zagayowa kana ɗaga wayarsu, sunayensu na hana ka runtsawa. Wannan ba halin ɗan haya ba ne. Kuma Matiyu sura 10, wadda ta ce kada a ji tsoron masu kashe jiki, ita ce dai a aya ta 23 ta ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a zama ɗaya. Bulus da muke kafa misali da jaruntakarsa, cikin kwando aka zuraro shi ta bangon Dimashƙu da dare, bai kuma ɓoye ba, da hannunsa ya rubuta wa Korintiyawa labarin. Su ɗin ne ma ya gaya wa cewa da ya zo wurinsu cikin rauni da tsoro da rawar jiki ya zo. Shi ne kuma daga baya aka roƙe shi da hawaye kada ya tafi Urushalima, ya ƙi ji, ya tafi. Mutum ɗaya, wata rana ya gudu, wata rana ya tsaya. Saboda haka duk wanda ya ɗauko maka aya ɗaya ya ce ita kaɗai ce hukuncin mai bishara, rabin littafin ya karanta maka. Na lura ma, ba don in ci zarafin kowa ba, wa'azin rashin tsoro ya fi daɗin fita daga bagaden da ke da janareta a baya da ɗan sanda a bakin ƙofa.

Akwai wani abu kuma da ya faru a wannan Ikkon da kake ganin ka zo ɓuya a cikinta. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasarmu ta Arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa ciki. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba sabon tuba ko ɗaya, sai labarin kabari biyu. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓin ya sake kwantar da shi, aka mai da shi gida. Sai a 1902 aka iya kafa tashar farko a Patigi, shi kuma yana can yana tara mutane da kuɗi. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ka yi tunanin me mutumin nan yake gaya wa kansa a daren da labarin mutuwar abokansa ya iske shi a Legas. Ina jin bai yi nisa da abin da kake gaya wa kanka a bakin get ɗin Ikeja ba: don me ni na rayu? Da a lokacin wani ya ce masa ko ka bi sawunsu nan da wata biyu ko a cire sunanka, da kabari uku aka samu.

Ban kawo wannan don in ce kowa ya gudu ba. Akwai waɗanda suka tsaya suka biya da jininsu, muna kuma sunkuyar da kai in an ambace su. Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, Boko Haram suka kama shi suka kashe shi a watan Janairun 2020. Eunice Elisha, da asuba ta fita wa'azi a Kubwa ta Abuja a watan Yulin 2016, gawarta aka tsinta. Fada Isaac Achi, a gidansa na Kafin Koro a Jihar Neja aka ƙone shi a Janairun 2023. Tsoronka ba mafarki ba ne, yana da sunaye da ranaku. Amma ka lura, babu ko ɗaya cikinsu da aka tura da wa'adi ya je ya nuna bangaskiyarsa. Abin ya same su ne a inda suke, Allah ya ba su ƙarfin wannan sa'ar. Shahada ba aikin da shugaba ke rabawa ta waya ba ne.

Yanzu jikinka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Rawar jikin nan da rashin barci, da yadda ƙarar babur ke mai da kai cikin daren nan kamar yanzu abin ke faruwa, ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga mutuwa ido da ido. Yana kama sojan da ya dawo daga fagen daga, yana kama wanda ya tsira daga hatsarin mota, ba ya tambayar yawan addu'ar mutum. In ya wuce wata ɗaya bai lafa ba, likita ake nema, naka kuwa ya daɗe da wuce haka. Ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, ko sashen masu wannan aikin a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko na LASUTH nan Ikeja kusa da wurin gadinka. Na san abin da mutanenmu ke cewa in an ambaci Yaba. Bar su su faɗa. Yawancin maganin wannan ciwon zama ne da wanda ya ƙware, kana magana yana bi da kai sannu a hankali, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne shiga kemis ka sayi maganin barci ko tiramadol da kanka, don masu gadi da yawa ta nan suka faɗa rami. Shi kansa gadin daren, gishiri ne a kan gyambo: mutumin da aka sace da dare, an ba shi aikin zama cikin duhu yana kasa kunne ga kowane motsi. Ka roƙi a mai da kai na rana ko da kuɗin zai ragu. In kuma wani dare ka ji zuciyarka na raya maka cewa gara ka bi dattijon nan, kada ka kwana da wannan tunanin kai kaɗai. Ka tashi matarka ko ka kira fastonka a daren, gari na wayewa ku tafi asibiti.

Ka tuna da Iliya. Ya gama da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya ranta a na kare, har ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai yi masa wa'azi ba. Gurasa ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ta da shi ya ci. Maganar komawa bakin aiki sai can gaba ta zo, bayan tafiyar kwana arba'in. Kai har yanzu a matakin gurasa da barci kake.

Sai uwargida. Wasiƙarka layi ɗaya ta ba ta, ni kuwa ina ganin ita ce rabin maganar. Kai ka yi kwana 26 a daji, ita ta yi kwana 26 da waya a hannu. Mai yiwuwa ita ta riƙa jin muryarsu suna yanka kuɗi, ita ta bi gida gida tana roƙo, ita ta riƙa ƙirƙiro abin da za ta gaya wa yara in sun ce ina Baba. Kai mutane sun zo sun yi maka barka da arziki. Ita wa ya zaunar ya tambaye ta me ta gani? "Sai dai ka tafi kai kaɗai" ba tawaye ba ne, ba kuma Shaiɗan ne ya shiga tsakani ba, kamar yadda wasu za su yi saurin gaya maka. Mace ce ke cewa ba zan iya binne ka sau biyu ba, don a zuciyarta ta riga ta binne ka sau ɗaya. Shekara tara ta bi ka cikin dajin da ba asibiti ba makarantar kirki, ta ɗebo ruwa, ta koya wa mata waƙa da karatu. Wadda ta yi wannan ba a tuhumar bangaskiyarta. Ka samu wata rana ku fita daga ɗakin nan mai cunkoso, ko harabar majami'a ce bayan an tashi sujada, ka ce mata: ban zo in shawo kanki ba, ki ba ni labarin kwanakin nan yadda suka same ki. Ka yi shiru ka ji, ko da kuka za ku yi ku biyun. Sannan ka yi mata alkawari ɗaya wanda za ka iya cikawa, cewa ba za ka taka ƙafa zuwa can ba sai da saninta da yardarta. In ka je wurin likita ku je tare, ka kuma sa ido a kan yaran: wanda ya koma fitsarin kwance, ko wanda ya daina magana, ko mai firgita cikin barci, shi ma yana ɗauke da nasa. Yayanta kuma da ya buɗe wa mutum biyar ƙofa a Legas, inda ɗaki ɗaya ke cinye albashi, ka gode masa da baki, ka kuma gaya masa shirinka da lokacin da kake sa ran tsayawa da ƙafarka, don kada haƙurinsa ya ƙare a ɓoye.

Shugabanka ba zan mai da shi mugu ba. Ka hau kujerarsa na minti ɗaya: kuɗin da ake biyan masu bishara daga baikon talakawa da gudummawar zumuntar mata yake fitowa, filayen aikin bishara da yawa sun zama kufai, yana kuma tsoron in aka bar mutum sittin ɗin nan ba makiyayi za su watse, wahalar shekara tara ta bi ruwa. Damuwarsa gaskiya ce. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar aya ya doki mai rauni da ita, da kuma yanka wa'adi ba tare da ya amsa tambayoyin da suka wajaba a kansa ba. Ka bar jayayya ta waya. Ka rubuta takarda cikin ladabi, ka haɗa da takardar likita, ka nemi hutun jinya na wata shida, ka aika kwafi ga kwamitin da ke sama da shi da kuma faston ikilisiyar da ta aike ka tun farko. A cikinta ka yi tambaya dalla-dalla. In aka sake ɗauke ni, wa zai yi magana da su, wa zai biya, a rubuce yake ko a baki? In ban dawo ba, me aka tanadar wa matata da karatun yarana? Tun da abin ya faru, wane ne cikin shugabanni ya je ƙauyen ya kwana ya ga halin da ake ciki? Akwai wani fili ko wani aiki da za a iya mai da ni? Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus da aka miƙe shi za a yi masa bulala ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba shari'a, da ɗan 'yar'uwarsa kuma ya jiyo ana ƙulla kashe shi, bai ce a bar wa Allah ba, tura yaron ya yi wurin shugaban sojoji. Ka nemi wani dattijon fasto da shugaban ke jin nauyinsa ya kai takardar tare da kai. In duk da haka suka cire sunanka, to sunanka suka cire daga takardar albashi. Bulus ma ya taɓa ƙin tafiya da Markus don ya juya daga Bamfiliya ya koma gida, har suka rabu da Barnaba a kan haka, amma a ƙarshen ransa shi ne ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi.

Ga wata magana da ban ji kowa ya ɗaga maka ba, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai. Mutanen nan da suka shigo, gidan fasto suka tambaya. Wato akwai wanda ya ba su labarinka, infoma ɗin nan kuwa mai yiwuwa yana nan inda yake. Sun kuma gwada sun gani cewa in aka ɗauke ka kuɗi na fitowa. A wurinsu yanzu kai kaya ne mai farashi. Ko ƙin bishara ne ya kawo su, ko son kuɗi, ko duka biyun, sakamakon ɗaya ne: ranar da ka koma ka kwana a gidan nan, ka sake ɗora wa mutum sittin ɗin nan bashin fansarka, su kuwa shanun sun riga sun tafi. Me za su sayar a karo na biyu? Ƙauna ce ke sa su kira ka, amma ƙauna ba ta lissafi, kai ne za ka yi musu. Zai yiwu a yanzu nisanka da su shi ne kāriyar da za ka iya ba su.

To me suke nema in sun ce yaushe za ka dawo? Suna so su san ba a manta da su ba, suna son mai buɗe musu Littafi ranar Lahadi, mai yi wa mamacinsu addu'a, mai ba su jibin Ubangiji. Yawancin wannan ana iya yin sa ba tare da ka kwana can ba. Cikin shekara tara ba ka rasa saurayi ko magidanci ɗaya da ya iya karatu, wanda mutane ke ganin girmansa. Ka sa ikilisiya ta tsayar da shi, kai kuma kowace Asabar ku yi rabin awa a waya kuna shirya abin da zai faɗa gobe. Ka ɗauki koyarwa da muryarka a saka a memori, direban da ke zuwa kasuwarsu ya kai, su saurara a waya ko a rediyo mai cin memori. Bayan 'yan watanni, in jikinka ya yi ƙarfi kuma uwargida ta yarda, ka sa mutum biyu ko uku su fito su same ka a babban garin da ke da jami'an tsaro, ku yi sati kuna nazari, su koma. In wata rana hanya ta yi kyau har ka ga za ka leƙa, to ka shiga da rana cikin 'yan kasuwa ka fito da rana, kada ka sanar a waya ko a WhatsApp, kada ka maimaita rana ɗaya ko hanya ɗaya, ka kuma fara jin ta bakin dagaci da maƙwabtan da ka yarda da su, Musulminsu da masu bin gargajiya, don su suka san motsin dajin. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ikilisiyar Urushalima ma sai da tsanani ya warwatsa ta bayan kisan Istifanas sannan bishara ta isa Samariya.

Akwai bashi biyu da nake so ka fara biya tun yanzu, don ina jin su ne ke ci maka tuwo a ƙwarya fiye da wa'adin shugaba. Na farko matar dattijon nan. Kai kaɗai ka ga ƙarshensa. In ba ka riga ka yi ba, ka kira ta, ka gaya mata yadda ya cika, abin da ya faɗa, addu'ar da kuka yi tare. Zai yi maka nauyi ƙwarai, amma ita tana da hakkin ji, kai kuma za ka sauke wani dutse. Na biyu shanun noma. Ka je wurin fastocin sashen Hausa a nan Legas, na ECWA ne ko COCIN ko EYN ko Baptis, ka ba da labarin mutanen da suka sayar da abin nomansu don su fanshi malaminsu, ka roƙi a yi baiko na musamman. Kuɗin kada ya bi ta hannunka, a sa dattawa biyu su riƙe, a kuma aika shi a hankali ba da shela ba, don kada labari ya kai daji. Ko bijimi biyu aka mayar kafin damina, sun san malaminsu bai sayar da su ba.

Saura maƙwabtanka na Agege. Agege ba dajin da ka baro ba ne. Hausawa sun daɗe a nan tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, Musulmi da Kirista kuma suna zaune gida ɗaya, a cikin Yarabawa ma har ɗaki ɗaya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, da sauya shi in ya ga dama. Amma ba takardar doka ce za ta cire maka tsoro ba, sanin mutanen ne. Ka zauna wurin mai shayin unguwarku ka tambayi kowa daga ina ya zo, me ya kawo shi. Za ka tarar da mutumin Zamfara ko Katsina ko Sakkwato da shi ma babura suka kora, wanda ya biya fansar ƙaninsa, wanda aka ƙone masa rumbu. Waɗanda suka ɗaure ka sun ɗaure limamai ma. Ka kuma tuna da Malam Abubakar Abdullahi, limamin Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Ban ce ka ɗauki lasifika ka tsaya ƙofar masallaci da asuba ba, wannan neman fitina ne ko a ina. Na ce ka daina ɓoye ko wane ne kai. In an tambaye ka aikinka ka ce ni malamin coci ne a Arewa, 'yan bindiga suka kore mu. Ka je sunansu, ka je ta'aziyyarsu, in an kawo naman salla ka karɓa da godiya, in Kirsimeti ta zo uwargida ta aika musu da shinkafa. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka ka amsa da tawali'u da ladabi yadda Bitrus ya ce. Bakinka kada ya taɓa Annabinsu ko Alƙur'ani da abin da zai zama cin fuska, ko cikin wasa, ko a waya, ko a Facebook. Abin da ya sami Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022 zalunci ne da ba shi da hujja, ya kuma nuna mana yadda magana ɗaya ke tashi ta zama gobara. Kada kuma ka ja ɗan kowa zuwa coci a bayan idon iyayensa.

Sannan ka ɗaga ido ka duba abokan gadinka. Legas cike take da samarinmu daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba, Kudancin Borno, masu gadi, masu dako a Mile 12, waɗanda suka rasa abin yi tun da aka hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2022. A titi "aboki" ake kiran su, ba wanda ya san Bitrus ne ko Ishaya. Da yawansu sun shekara ba su shiga sujada ba, ko don ranar Lahadi suna bakin get, ko don in sun shiga cocin Turanci ko na Yarabanci ba sa jin komai sai amin. Wasunsu abin da ya koro ka shi ya koro su, ba kuma wanda zai fahimce su kamar wanda ya kwana 26 a ɗaure. Ka fara da uku ko huɗu, ranar da ba ku da aiki, da Littafin Waƙoƙi da sura ɗaya. Ka sa wannan ma cikin takardar da za ka rubuta wa mishan, ka tambaye su ko za su ɗauke shi a matsayin fili.

Yau da dare wayar za ta sake ƙara. In ka ɗauka kada ka ce "ina nan tafe" don ka kwantar musu da hankali, kada kuma ka kashe ta don kunya. Ka ce musu: ba ni da lafiya tukuna, ina neman magani, kuma ba na so a sake sayar da komai saboda ni. Ba wannan watan ba, ban kuma san wane wata ba. Sannan ka ce a ba wanda ya iya karatun nan waya, ka tambaye shi wace sura yake so ku duba ranar Asabar. Ka gaishe mini da uwargida da yara, in ka dawo daga wurin likita kuma ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.